Damin Gero Ɗaya da Rumfar Inna Kulu

Litinin: Suleja zuwa Kano

Na fita daga gidana na Suleja ranar Litinin da ƙarfe biyar saura kwata na asuba, da jaka ɗaya da sandar da ciwon gwiwa ya ɗora mani. Rabi, matata, ta raka ni ƙofar gida, ta miƙo mani ɗumamen tuwo a roba ta ce, "Malam, don Allah ban da faɗa." Na ce mata ba faɗa zan je yi ba, gonar ubana zan je karɓa. Ta ce ai shi ne faɗan.

Ku 'yan'uwana mutanen Kankia da Kusada da ke zaune Suleja da Zuba, tun da na dawo kuka ishe ni da tambaya: yaya gida, wa ya mutu, wa ya rage, har yanzu ana tuwo a tasha? Na gaji da maimaita wa kowa. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Aji biyar na tsaya a firamare, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga abin da ya tashe ni. Shekara ashirin da bakwai ke nan da mahaifina, Malam Sule, ya rasu ya bar mani gona ɗaya a ƙauyenmu, wajen Kaikai. Lokacin ina ganin noma aikin wanda ya rasa kuɗin mota ne. Na ba maƙwabcinmu Malam Iro aron gonar. Aro, ba jingina ba, ba sayarwa ba. Kun san yadda ake yi a wajenmu: mai aron gona yakan kai wa mai gona damin gero ɗaya duk kaka. Ba haya ba ce. Damin nan shi ke tuna wa gari cewa gonar tana da mai ita. Ba mu rubuta komai ba. A rumfar Inna Kulu mai tuwo, bakin tashar Kankia, muka yi maganar gaban mutum uku: ita Innar, da Alhaji Mati mai kanti, da Ɗanjuma mai gyaran keke. Malam Iro ya tambaye ni ina zai riƙa kai damin tunda zan yi nisa. Na ce ya kai rumfar Inna Kulu. A ganina lokacin, ko garin ya tashi rumfar nan ba za ta tashi ba.

Na yi shekara ashirin da ɗaya ina sayar da shayi a bakin titi a Zuba. Bana aka zo faɗaɗa hanya, aka kwashe teburina da na wasu a safiya ɗaya. Na nemi wani wuri ban samu ba. Sai na tuna ina da gona. Na nemo lambar Haruna, babban ɗan Malam Iro, don shi Malam Iron ya daɗe da rasuwa. Haruna ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kawu, ni ban san wata maganar aro ba. Tun da na yi wayo gonarmu ce." Ya kashe waya. Shi ya sa na taso neman ko mutum ɗaya cikin ukun nan da zai buɗe baki ya ce an yi.

Motarmu ta tashi ƙarfe shida da minti ashirin. Mai cin mutum bakwai ce, aka zuba mana tara. Ni aka ba kujerar da ke kan taya, duk ramin da muka faɗa sai gwiwata ta sanar da ni. Mun wuce Kaduna tara da minti goma, Zariya sha ɗaya saura. Na ƙirga shingayen jami'an tsaro har goma sha ɗaya, na bari. A Zariya direba ya tsaya shan mai, na buɗe ɗumamena na ci a tsaye. Ya leƙo ya ce, "Baba, ba tayi?" Na ce ya fara rage mana mutum biyu tukuna. Mun shiga Kano ɗaya da kwata. Na hau a-daidaita-sahu zuwa tashar da ake lodin Katsina, na yi azahar a can.

Kano zuwa Kankia

Uku saura minti goma muka bar Kano. Direban ya ce kilomita ɗari ne da 'yan kai. Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, duk kamar ana jan su baya da igiya. A zamaninmu hanyar nan wuni ce. Da muka kusa na taɓa kafaɗarsa na ce ya sauke ni rumfar Inna Kulu.

"Wace ce haka, Baba?"

"Mai tuwon tasha."

"Shekara shida ina bin hanyar nan, ban taɓa jin ta ba."

"To ina kuke cin abinci?"

Ya yi dariya. "Wa ke cin abinci a Kankia? Kano muke ci, Katsina mu sha ruwa."

Biyar saura minti biyar ya ajiye ni ya wuce, ko kashe mota bai yi ba. Na tsaya da jakata kamar baƙon da ya ɓata, a garin da na yi ƙuruciya ina dako ranar kasuwa. Itacen darbejiyar da nake kwatance da shi babu. Sai da na samo masallacin tasha, na juya mashi baya, na ƙirga taku kamar yadda ƙafata ta saba. Taku arba'in ya kai ni gaban wata kwantena mai koren fenti. An rubuta POS a jiki, wayoyi sun fi talatin jere a kan katako suna shan caji, ƙaramin janareta na hayaƙi a daidai inda murhun Inna yake.

Ku da kuka san wurin, ku tuna. Tukwane uku ne a kan wuta tun hantsi: tuwon dawa, miyar kuka, da ta busasshiyar kuɓewa. Man shanu daga ƙwaryar Fulani ake zuba shi, kana gani. Benci biyu dogaye, randa da moɗa a gefe. Manyan motoci na tsayawa a ba su ruwa, direba da fasinja su cika benci. Sannan ga lungun ajiya a bayan tukwane. Buhu, keke, tabarma, ƙullin magani, saƙon baki, har akuya na taɓa gani ɗaure a can kwana biyu. Inna Kulu ba ta san alif ba, amma ba a taɓa cewa kayan wani sun ɓace a hannunta ba.

Na yi wa mai kwantenar sallama. Magidanci ne mai ɗan gemu, idonsa a kan waya.

"Cirewa ko turawa?"

"Tambaya. Ina mai tuwon da ke nan?"

"Ni fili na tarar, Baba. Wanda ya ba ni haya ma fili ya tarar."

Na tsallaka wajen kantin Alhaji Mati. Nan ne ake sayen kananzir, da lagwanin fitila, da batir, da sabulun wanki da ake yankawa da zare. Wasiƙun ƙauyukanmu duk nan ake ajiye su cikin wani gwangwanin biskit, wanda bai iya karatu ba Alhaji ya karanta mashi, ya ƙara da nasiha ko ba a nema ba. Yanzu kyamis ne. Mai shagon ya ce Alhaji ya rasu da daɗewa, magada sun sayar sun raba. Ya dubi sandata ya ce akwai maganin gwiwa mai kyau. Shaida ɗaya ya tafi ke nan.

Na bi layin har ƙarshe don in ƙure wa kaina baƙin ciki. Tukubar Na'Allah mai tsire, wadda ƙamshinta ke tarar mutum tun daga nesa, gidan mai ne yanzu, an ɗaure ƙofarsa da igiya, babu man. Gidan burodin da muke sayen mai zafi da asuba ya zama gidan ruwan leda. Shagon tela Buhari, inda aka ɗinka mani kaftanin da na bar gari da shi, gidan kallon ƙwallo ne, ana ihu a ciki kan wasu mutanen da ba su san akwai Kankia a duniya ba. Mai sayar da kaset ya tafi, a wurinsa ana tura wa mutane waƙa a waya. Ban ce duk sun lalace ba. Gine-ginen yanzu sun fi kyau, akwai siminti, akwai fenti. Amma na bi layin nan gaba da baya ban ga benci ɗaya da mutum zai zauna ba tare da an tambaye shi me zai saya ba.

Yunwa ta sa na zauna wurin wani mai shayi. Taliyar leda da ƙwai biyu, dubu ɗaya da ɗari takwas. Shayin kuwa, ni da na yi shekara ashirin da ɗaya a sana'ar, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Mai shayin ne ya kwatanta mani inda Ɗanjuma yake.

Ana kiran magariba na same shi. Wurin nasa na nan, amma babu keke ko ɗaya. Tebur ne da kwalaben fetur jere, yana sayar wa 'yan acaba. Ya tsufa, haƙoran gaba sun zube. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Lawal? Wa ya mutu?" Na ce babu. Ya ce to me ya kawo ka. Duk da haka ya ja ni gidansa, ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, aka kawo tuwon masara. Na bar maganar sai da safe.

Talata: Kankia zuwa Kusada

Muna shan koko da ƙosai na ɗauko zancen. Ɗanjuma ya ajiye ludayi.

"Na tuna ranar sarai. Miyar kuka ce, ka ci malmala uku."

"Ba miya na tambaye ka ba."

"To ni miyar na tuna."

Na ce mashi ya ji tsoron Allah. Ya dubi ƙofar zaure ya ce, "Lawal, ɗiyata Saude tana gidan Haruna. 'Ya'yanta biyar. Tuwon gonar nan suke ci. Ba zan ce an sayar ba, don ba a sayar ba. Amma ƙafata ba za ta je Kaikai ba. Ka zage ni in kana so, kokonka dai ka shanye."

Ban zage shi ba, don na yi wa Rabi alkawari. Shaida na biyu ke nan, yana da rai, yana da baki, ba shi da amfani. Abin da ya yi mani ɗaya ne: ya ce Inna Kulu tana raye, tana Kusada gidan ɗiyarta, kuma ya kira wani ɗan acaba da ya san gidan.

Tara da rabi muka tashi. An gama yankan dawa, gonaki sun zama kara, shanu sun bazu ciki. Ɗan acaban mutumin Kafinsoli ne, mai surutu. Ya ce in riƙe shi da kyau. Na ce ya riƙe bakinsa da kyau. Minti arba'in muka yi.

Na tarar da ita zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance kamar ba ita ce ke ɗaga tukunyar mutum hamsin ba. Idanun sun tafi. Ɗiyarta ta ce, "Inna, kin yi baƙo." Ta ce wa ke nan. Ban faɗi suna ba. Na durƙusa na ce, "Inna, a kankaro mani ƙanzo."

Ta juyo fuskarta wajen muryata. Sannan ta ce, "Lawal ɗan Malam Sule. Ashe ba ka mutu ba."

"Ban mutu ba, Inna."

"To da ka mutu ai da mun ji. Mai rai ne ba a jin labarinsa."

Muka gaisa. Ta tambaye ni mata da yara, na tambaye ta rumfa. Ta ce ba mutum ya kashe rumfar ba, mota ce. Da motoci suka yi gudu suka daina jin ƙishirwa, aka daina tsayawa. Daga tukunya uku ta koma biyu, ta koma ɗaya, ɗayar ma sai ta koma gida da rabi. Da aka zo gyaran hanya aka ce su matsa, ba ta ga abin da za ta matsa da shi ba. Ta lissafa mani mutanen layin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu, wanda ya koma ƙauye, wanda 'ya'ya suka ɗauke. Na'Allah mai tsire, in ji ta, gadi ya ƙare da yi a gidan man da aka gina kan tukubarsa.

Sannan na tambaye ta damin.

"Shekara goma sha ɗaya shina zuwa rumfa," in ji ta. "Na farko da na biyu na ajiye maka a saman rufi har ɓera ya gama da su. Daga nan nake sussuke shi in dama kunu in ba matafiya, ladan ga ubanka. Da muka tashi, shekara biyu ana kawo mani gida. A ta ukun ina ɗaure kayan tahowa nan aka kawo. Na ce a mayar. Na ce mai gona ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba, ni kuma ba ni da rumfa, ku ci abinku."

Na ce, "Inna, ashe ke kika kashe mani gona."

"Ni? Kai ka ɗaure gonar ubanka a jikin rumfar kara ka yi tafiyarka. Ko wasiƙa ɗaya ka aiko kantin Mati? Kullum sai na sa an duba gwangwanin nan."

Na ce to ta zo ta faɗa a gaban mutane, zan ɗauki mota. Ta daki ƙafarta ta ce ko bayan gida sai an kama ta, ba inda za ta.

"To wa zai shaide ni? Alhaji ya mutu, Ɗanjuma ya ƙi."

"Wanda ke kawo damin mana. Iro bai taɓa kawowa da kansa ba. Haruna ke ɗauro shi a keke. Duk zuwa sai na zuba mashi tuwo da tsoka biyu." Ta laluba ta kamo hannun rigata. "Ka ji ni da kyau, don na san ka da gaggawa. Kada ka tambaye shi gonar wa ce, zai rantse, kuma in ya rantse an gama. Ka bari sai mutane sun taru. Ka ce Inna Kulu na gaishe shi, ta ce yaushe rabon da ya kawo mata dami. Daga nan ka rufe bakinka."

Ta sa ɗiyarta ta tuƙa tuwon dawa, ta ce a bar ƙasan tukunya ya kama. Da yamma aka kankaro mani ƙanzo aka jiƙa da man shanu. Ba kamar na da ba ne, amma na cinye. A zauren surukinta na kwana.

Laraba: Kusada zuwa Kaikai

Takwas saura minti ashirin na hau wani babur. Rabin awa ce, ƙarshenta yashi, sau biyu ina sauka ina takawa. Na ce a fara kai ni gona kafin gari.

Da gawon da ke tsakiya na gane ta, wanda mahaifina ke rataye gorar ruwa a jiki. Sauran duk ya canja. Fulani sun kafa bukka biyu a gefen gabas, turakun shanu cike da kashi. Ƙasar ta yi baƙi, ta fi yadda na bar ta kyau, wannan ba zan ɓoye ba. A gefen yamma kuma mangwaro ne guda tara, manya, kowanne ya fi ƙarfin in rungume shi. Na tsaya ina kallonsu. Kowa ya san mai aro ba ya dasa itace a gonar aro. Ranar da aka dasa waɗannan, an riga an binne ni.

Haruna ya karɓe ni da fura, ya kira ni Kawu, bai haɗa ido da ni ba. Na ce gaisuwa na zo yi. Bayan azahar mutane suka zauna inuwar masallaci kamar kullum, har da liman, da Baba Audi, wanda ya fi kowa tsufa a unguwar, abokin mahaifina ne. Duk sun san abin da ya kawo ni, kowa na jira in fara hayaniya. Harshena yana ƙaiƙayi. Na danne.

Na ce, "Haruna, jiya na kwana Kusada. Inna Kulu na gaishe ka. Ta ce yaushe rabon da ka kawo mata dami?"

Na rufe bakina. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Haruna ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kara yana zane a ƙasa. Ba wanda ya yi tari. Can Baba Audi ya ce, "Haruna, ana gaishe ka."

"Ina amsawa."

"An kuma yi tambaya."

"Shekara goma sha huɗu," in ji shi, murya ƙasa. "Ita ta ce in daina."

"Ba a tambaye ka wa ya ce ka daina ba. Duk nan mun sha ganin ka da keken nan. Damin me kake kaiwa?"

Ya karya karan biyu. "Na aro."

Na ji gwiwata ta daina ciwo. Har na fara lissafin inda zan sa gero, inda zan sa wake. Sai Baba Audi ya juyo gare ni.

"Gona taka ce, Lawal, kowa ya ji. Amma ka biyo ta can, ka ga shanu. Haruna ya ba Fulani dawa suka zauna mashi, kafin su kuma ya kwashe jujin gidansa kaf ya zuba. Ba a karɓe gona hannun mai aro sai ya ci takinsa. Damina uku."

"Uku, Baba? Ni yanzu nake da yunwa."

"Haka aka yi wa kowa. Ubanka ma haka ya yi wa wani."

"Mangwaron fa? Mai aro na dasa itace?"

"Ba ya dasawa. Mai gona ke hanawa. Ran da aka dasa, ina mai gonar?" Ya dubi jama'a. "Itace na wanda ya dasa ne. Ƙasar taka, 'ya'yan nasa."

Liman ya shafa fatiha. Shi ke nan. Shekarata hamsin da shida. In Allah ya kai ni, ina da hamsin da tara zan karɓi gona da wannan gwiwar, gefe guda kuma inuwar mangwaron wani, inda ko ciyawa ba ta fita. Na so in yi faɗa, na duba ban ga da wa zan yi ba.

Haruna ya tashi ya shiga gida. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da damin gero a ka, sabo, ɗaurin bana. Ya sauke a gabana ya tsuguna.

"Kawu, ga na bana. Ka yafe mani maganar waya." Ya ɗago kai, karo na farko ya dube ni. "Baɗi ina zan kai?"

Ba gatse ya yi ba, tambaya ce ta gaskiya. Na buɗe baki in faɗi wuri. Rumfar babu. Kantin babu. Teburina na Zuba babu. Gidan da nake ciki a Suleja na haya ne, ban san ko baɗi ina ciki ba. Na ce mashi zan kira shi.

A zaurensa na kwana. Saude ɗiyar Ɗanjuma ta aiko da tuwon gero miyar kuka. Na ci tuwon gonar ubana a kwanon baƙi.

Alhamis: komawa

Shida da rabi na safe muka ɗaure damin a bayan babur, ni a tsakiya, zangarniya na sukar ƙeyata har Kankia. Takwas saura muka iso. Ina so in je in sallami Ɗanjuma, damin kuma ya fi ƙarfin gwiwata. Na ja shi gaban kwantenar nan mai koren fenti na ce wa mai ita ya bari in ajiye minti goma.

"Ba ma karɓar ajiya, Baba."

"Gero ne. Kana ganinsa."

"Ko mene ne. In ya ɓace fa?"

Na ce a daidai inda yake tsaye an ajiye damin nan shekara goma sha ɗaya. Ya ce Allah sarki, ya koma kan wayarsa. A kyamis ma yaron shago ya ce oga ya hana. Direban da na tsayar ya dubi damin ya ce kujerar mutum ɗaya zai ci. A ƙarshe ɗan acaba na sake ɗauka zuwa gidan Ɗanjuma. Matarsa ta sussuke shi a turmi ta sheƙe, ya fita tiya biyar, aka zuba mani a ƙaramin buhu. Ɗanjuma bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Ya dubi buhun ya ce, "Ashe ya ba ka." Na ce ya ba ni.

Goma da kwata na samu mota. Kano sha biyu da minti ashirin. Na ci shinkafa da wake a tasha, muka tashi ɗaya da rabi, buhun a kan cinyata duk hanya. Taya ta fashe mana bayan Kaduna, muka yi minti arba'in a bakin titi. Tara na dare ta gota na ƙwanƙwasa ƙofar gidana.

Rabi ta karɓi jaka, ta dubi buhun.

"An samu?"

"An samu. Nan da damina uku."

Ta kwance bakin buhun, ta damƙi geron ta shinshina, ta daɗe tana murza shi a tafin hannu. Ta ce mai kyau ne, zai yi mana kunun sati biyu. Ba ta tambaye ni bayan sati biyun ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafata. Na gode wa Inna Kulu, Allah ya sa ta cika da imani. Na gode wa Ɗanjuma da tabarma da koko, ban da sauran. Ku kuma da ke tambaya ko har yanzu ana tuwo a tasha, ba a yi. Kwana tara ke nan da dawowata, ban kira Haruna ba. In akwai wanda ya san wuri ɗaya a Kankia da za a iya ajiye damin gero, wanda kuma zai kai shekara uku bai tashi ba, ya faɗa mani.